Shanyar Wakonyo

Ni dai ban buɗe gidan gem, na wasannin talabijin, don tsofaffi ba. Na buɗe shi ne a Karagita, bayan kasuwa, don 'yan boda masu haya da babur da ma'aikatan gonakin fure, waɗanda in sun tashi aiki ba su da inda za su sauke gajiyarsu sai a kaina. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa, suna zagin juna, suna zagin alƙalin wasan da ba ma mutum ba ne. A can ƙurya akwai wata kujera da na ciro daga mushen matatu, irin motar hayarmu ta nan, na sa mai walda ya haɗa mata sitiyari da totur da birki. Wannan ta tseren motoci na Safari ce, gem ɗin gaske mai lasisi, wanda masu shirya tseren suka sa wa hannu. Hanyoyin cikinsa namu ne na nan Naivasha, da kwanarsu da ramukansu. Bayana yana ciwo, kunnena ya gaji da kukan inji, wuta kuma sai ranar da ta ga dama. A haka nake zaune ranar da Mzee Kibicho, wato dattijo Kibicho, ya tsaya mini a bakin ƙofa.

Dogo ne siriri, sanye da kwat ɗin masu gadin gonar fure, hula a hannu. Bai shigo ba, bai kuma wuce ba. Shikuku ne a kujerar, wani ɗan boda mai bakin tsiya wanda ya fi kowa iya tseren, tsohon kuwa ya kafa wa talabijin ido kamar ya ga wanda ya daɗe da mutuwa. Na ɗauka jika ya zo kamawa, ko wa'azi ya kawo mana.

Na ce, "Mzee, in coci kake nema ka baro ta a baya."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Maman Kago, waccan hanyar, ba ta gindin dutsen Longonot ba ce?"

Na ce ita ce. Ya ci gaba da kallo, bakinsa yana motsi, har motar Shikuku ta tsallake wani busasshen rafi ta fara hawan tudu. Sai ya juya baya da sauri ya tafi, ko sallama babu. Na ce a raina to, Allah ya raka taki gona. Washegari sai ga shi ya dawo, ya ce a koya masa tuƙi.

Labarinsa ban same shi a zama ɗaya ba. Kibicho ba mai magana ba ne, sai ka yi ta tsintar zancensa kamar mai tsince tsakuwa a wake. A wani gandun kiwo da ke gindin dutsen aka haife shi, ubansa makiyayin shanun masu gandun ne. Da ya girma aka ba shi ƙofa. Hanyar ƙasa ce ta ratsa gandun, a tsakiyarta akwai shingen waya da ƙyauren ƙarfe, gefen ƙyauren kuma ɗaki ɗaya na katako da kwano. Aikinsa ya buɗe wa mota, ta wuce, ya rufe, kada shanun nan su haɗu da na can. Shi ke nan. A nan ya yi aure, a nan 'ya'yansa suka tashi suka watse, a nan furfura ta same shi. In lokacin Safari ya zo, sai a ce ya buɗe ƙyauren ya tokare shi da dutse, ya kori jakunan dawa daga hanya, ya matsa gefe. Motocin duniya sun bi ta gabansa, bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Matarsa Wakonyo ita ke wa gidan manaja wanki, don haka igiyarta kusan kullum cike take. Ƙurar wurin kuwa duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san ta, laushinta kamar garin ugali, tuwonmu na masara, mota ɗaya in ta tayar da ita sai ta yi ta yawo ta rasa wurin sauka sai kan farin zanen gado. Shi ya sa gandun yake da doka wadda ba wanda ya rubuta: direba in ya hau tudun nan ya hango shanya, sai ya ɗaga ƙafa daga totur tun daga can, ya gangaro a hankali har ya wuce ɗakin. Mai motar madara yana yi, mai tarakta yana yi, manaja da kansa yana yi. Wanda ya ƙi, Kibicho ba ya faɗa da shi. Sai dai makullin ƙyaure ya ɓace, a yi ta nema, direba yana gasuwa a rana. Motocin Safari ne kaɗai ba su san wannan doka ba, ranakunsu kuwa Wakonyo ba ta wanki, sai ta zauna a ɗaki tana tsine musu ɗaya bayan ɗaya.

Kuma ba ta taɓa barin shanya ta fita ba, ko nan da rijiya, saboda gwaggon biri. In suka sami igiya ba mai tsaro sai su kwashe rigunan manaja su hau bishiya da su. Don haka in Kibicho ya dawo daga gari a ƙafa, yana hawa tudun yake sanin halin da ake ciki. In akwai shanya, tana gida, akwai shayi.

Ya ce mace ce gajera mai kaifin harshe, kuma tsiyar da ta fi yi masa ɗaya ce. Takan ce ita dai ta gaji da auren mai buɗe wa maza ƙofa. Kafin ta mutu tana so ta ga ranar da shi ma zai gangaro tudun nan yana tuƙi, ko da tarakta ce, ita kuma ta fito ta buɗe masa da hannunta. Shi dariya yake yi. Ina mai gadi, ina mota.

An yi shekaru ba a yin Safari. Bayan ta dawo Naivasha, wata rana sai ga wata mota da kyamarori a kanta tana tafiya kamar hawainiya. Mutanen ciki suka ce hanyar suke kwafewa za a sa a gem. Bai gane ba, amma sun burge shi, don ranar wanki ce kuma ba su tayar da ƙura ba. Ba a jima ba aka sayar da wancan ɓangaren gandun. Sababbin masu wurin ba su da shanu, ba sa buƙatar ƙyaure. Aka cire shi, aka rushe ɗakin, aka ba Kibicho kwanaki ya kwashe komatsansa. A daminar nan Wakonyo ta kwanta, ba ta tashi ba, aka kai ta Kinangop wurin danginta aka binne. Hoton ɗakin ko ɗaya ba shi da shi, wa zai ɓata hoto a kan ɗakin mai gadi? Ya koma sau ɗaya, ya tarar da katangar siminti, ya kasa gane ko ta ina tudun yake.

To, abin da ya kawo shi wurina ke nan. Hanyar tana cikin gem, yana so ya tuƙa kansa zuwa gida.

Matsalar ita ce wurin yana kusa da ƙarshen zango mafi tsawo a gem ɗin, kuma gem ɗin yana da wa'adi. Akwai agogo a saman talabijin, in ka yi nawa ya ƙare, sai a kore ka ka koma farko. Shikuku, duk da bakinsa, ya ce tsoho ya zauna gefe shi ya kai shi cikin ƙiftawar ido, ya tsaya masa a daidai wurin ya kalla har ya ƙoshi. Kibicho ya girgiza kai.

"In wani ya tuƙa ni, ai har yanzu ni mai buɗe ƙofa ne."

Daga ranar duk wanda ya zaɓi zangon nan, tsohon fita yake yi ya tsaya a waje har a gama. Ba ya so ya gani da tuƙin wani. Na tambayi Shikuku a ɓoye ko akwai wani ɗaki a wurin. Ya ce shi da yake wucewa kamar harsashi ina ya ga ta kallon gefe, wataƙila akwai, wataƙila juji ne.

Kai, na sha wahalar koya wa mutumin nan tuƙi. Yana tashi daga gadi da la'asar zai zo, ya biya kamar kowa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sa tabarau mai ɗaure da zare. Sannan ya ja motar tsere kamar wanda ya ɗauko ƙwai. In ya ga jakin dawa a gefen hanya sai ya taka birki ya jira, alhali na gem ba sa tsallakawa. In ya zo wurin 'yan kallo sai ya rage gudu, wai akwai yara. Akwai murya a gem ɗin, ta mai karanta wa direba hanya da Turanci, tana ta zuba babu numfashi, shi kuma yana amsa mata: ya ji, ba kurma ba ne shi, a daina yi masa ihu a ka. 'Yan boda suka sa masa suna Direban Amarya. Shikuku yakan leƙo ya ce Mzee ya yi haƙuri ya matsa, akwai wata tsohuwa da itace a ka tana son wucewa. Ko a jikinsa. Agogo ya ƙare, a kore shi, ya sake.

Da ya fara gudu kuma sai wata sabuwa. Ya daki bishiya, ya faɗa rafi, ya kifa motar a kwanar da ya ce ya bi ta a ƙafa tun yana yaro. Ido ya san hanya, hannu ne ya tsufa. Wani lokaci in ya sauka sai in ga ya kasa riƙe kofin shayin da na miƙa masa. Damina ta wuce, rani ya shigo, kuɗin wuta ya tashi, talabijin ɗaya ta mutu, ɗana Kago da ke Nakuru ya daina kira sai in yana da buƙata. Shi kuwa tsoho kullum yana ƙurya yana kifa mota.

Gaskiya na gaji da shi. Ba don ya tare kujera ba, don tsoro nake ji. Na san yadda ake yin abubuwan nan: su kwafi hanya da duwatsu, sauran kuma su cike da abin da suka ga dama, bukka iri ɗaya a ko'ina, mutane masu fuska ɗaya suna ɗaga hannu ɗaya. Ina tsoron ya kashe ƙarfinsa ya isa ya tarar da fili. Sau da yawa in na zo buɗe shago da safe nakan ce bari in duba da kaina, sai in kasa. In babu komai, da wace fuska zan karɓe shi da la'asar? Ran nan dai na kasa haƙuri na faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa masu gem ba sa sa mutanen gaske, kada ya sa rai zai ga kowa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ya sani, bai ce matarsa tana ciki ba, shi dai gida zai je.

Sai ga sanarwa a talabijin wata safiya. Ni ba faifai ne da ni ba, hayar gem ɗin nake yi ta intanet wata-wata. Aka ce lasisin da ke tsakanin kamfanin da masu tseren ya ƙare, ƙarshen wata za a janye gem ɗin gaba ɗaya. Wani kamfani ne zai fito da sabo, da sababbin hanyoyi, kuma zangon gindin Longonot ba ya ciki, tunda an daina bin sa tun da aka sayar da wurin. Na yi ta neman faifan a Nakuru da Nairobi ta waya, wanda na samu na wata irin na'ura ne daban. Dole na zaunar da shi na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, yana juya hula a hannu.

Ya ce, "Nan ma an sayar ke nan."

Na tashi na hau goge teburin da ba shi da datti.

Makonnin da suka rage ya yi su bakin rai bakin fama. Ya daina amsa wa muryar, ya daina jiran jakunan dawa. Shikuku ya bar tsiya, ya koma tsayawa a bayansa yana juya masa Turancin da bakinmu: dama mai kaifi, rami a tsakiya, kada ka yanke kwana. Har busasshen rafin ya fara kaiwa kafin agogo ya cinye. Amma tudun ya gagara.

Ranar ƙarshe Lahadi ce, kuma tun safe babu wuta. Kibicho ya zo daga coci da kwat ɗinsa na zuwa biki, wanda ya yi masa yawa a kafaɗa, ya zauna a benci yana jira. Ni ina ta zagin masu wuta a zuci da a fili. Sai da rana ta karkata fanka ta motsa. Ban ce wa kowa komai ba, amma masu ƙwallo suka ajiye abin hannunsu suka taru a ƙurya. Ya cire hula, ya gyara tabarau, ya kama sitiyari.

Ban taɓa ganin ya yi tuƙi irin na ranar ba. Ba kyau ne da shi ba, motar tana ta wutsil-wutsil, ya goge wani dutse har ƙofa ta lotse, amma bai tsaya ba. Ya wuce bishiyar da ta saba cin sa. Ya shiga kwanar da yake kifewa ya fita da ƙafa huɗu. Gumi yana bin wuyan kwat ɗin. Shikuku ya sunkuya a kunnensa, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin saniya. Ya faɗa rafin, motar ta yi tsalle ta dire, agogo ya koma ja. Shikuku ya duba ya ce akwai lokaci, da ƙyar amma akwai, in dai bai ɗaga ƙafa ba zai kai ƙyauren.

Motar ta hau tudun.

Can ƙasa ga shingen waya, ga ƙyaure a buɗe an tokare shi, ga ɗan ɗaki na katako da kwano mai tsatsa. A gefen ɗakin kuma igiya, cike da fararen zannuwan gado, da wani jan zane guda a ƙarshe, iska tana kaɗa su. Sun kwafe shi yadda suka gan shi ranar. Na dafa kafaɗar wanda ke kusa da ni ban ma san ko wane ne ba. Sau dubbai an bi wurin nan a shagona, ba wanda ya taɓa lura.

Sai na ji kukan injin ya faɗi.

Na duba ƙasa. Ƙafarsa ta bar totur.

Shikuku ya ce, "Mzee, taka. Taka mana, lokaci!"

Kibicho bai ɗauke ido daga talabijin ba. Ya ce, "Ta yi shanya."

Motar ta gangaro a hankali, a hankali, kamar motar madara. Ƙurar da ke bin ta a baya ta kwanta. Ɗakin yana matsowa, har ana iya ganin tagar da aka toshe da kwali. Saura kaɗan ya kai inda igiyar ta fara, agogo ya cika, hoton ya dushe, rubutu ya fito cewa direba ya makara.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na ce masa wuta tana nan, kujera tasa ce har in rufe, ya huta ya sake, yanzu ai ya san hanya. Shikuku ya ce wannan karon in ya ƙara wuta a farkon zango zai sami rarar da zai yi rarrafensa a ƙarshe. Duk mun san ba haka ba ne. Abin da ya yi yanzu shi ne iyakar abin da ke jikinsa, hannuwansa ma sun kasa sakin sitiyarin sai da ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Ya cire tabarau ya goge da gefen kwat. Ya ce ko sau nawa ya hau tudun nan ƙafar ɗagawa za ta yi, ba zai watsa wa mace ƙura a kan wankin da ta wuni tana yi ba, balle a ranar da ya fara zuwa mata da mota. Ya miƙe da ƙyar, ya sa hula. Na ce to ai bai kai ƙofar ba, maganar ta fito mini da faɗa-faɗa, don kuka ne ke neman ƙwace mini.

Ya ce, "Na ga abin da nake gani daga tudu, Maman Kago. Ba ta barin shanya ta fita. Tana gida."

Ya yi wa 'yan boda sallama ɗaya bayan ɗaya, ya gode wa Shikuku, wanda ya juya yana ta latsa waya kamar an kira shi. Da ya fita sai ya tsaya, ya jawo ƙyauren shagona, wanda ba na rufewa da rana, ya rufe mana shi a hankali.